Kafin In Kwance Kare: Yadda Na Sami Izinin Farauta a Ƙasar Haɗeja

Ƙauyenmu yana ƙasar Haɗeja, a gabashin jihar Jigawa, inda tudu da fadama suke maƙwabtaka da juna, kuma gidanmu gidan maharba ne tun kaka da kakanni. Ni dai aikin koyarwa ya raba ni da gida tun ina saurayi, saboda haka har Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa ban bi shi daji ba sai jefi-jefi lokacin hutu. Da na dawo gida na kama noma gadan-gadan, sai na tarar rani yana da tsawo ga mutumin da gonarsa ta fadama ba ta taka kara ta karya ba, ga shi kuma nama ya zama sai mai hali, don haka na ƙudurta komawa ga gadon gidanmu. Ba manyan namun daji nake nufi ba, domin waɗannan sun daɗe da ƙaurace wa dazukanmu. Abin da ya rage wa maharbin yau a wajenmu shi ne zomo da kurege da gafiya da damo, sai tsuntsaye irin su makwarwa da zabin daji da hasbiya da kurciya, da kuma agwagin ruwa ga wanda ya saba da fadama.

Wanda na fara tunkara da maganar shi ne baffana, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babban maharbin da ya rage a zuriyarmu, kuma a ɗakinsa bindigar tokar mahaifinmu take rataye. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce zamanin da mutum zai saɓi bindiga ya nufi daji don kawai ubansa maharbi ne ya riga ya wuce, kuma in ina son in yi abin ba tare da na jawo wa gida magana ba, to sai in bi ƙofa-ƙofa. Maganar ba ta ba ni mamaki ba, domin a daminar 2025 muke, watanni kaɗan bayan an kashe mafarauta 16, galibinsu mutanen jihar Kano, a garin Uromi na jihar Edo cikin watan Maris, suna kan hanyarsu ta komawa gida yin sallah. Tun daga lokacin dattawan maharban garinmu suka dage cewa duk wanda zai fita da sunan farauta, ko da bayan gari ne, sai an san shi, an san makaminsa, an kuma san wanda ya tsaya masa.

Baffa da kansa ya raka ni gidan Sarkin Baka, shugaban maharban garinmu, bayan sallar la'asar, na riƙe goro kamar yadda aka saba, muka same shi a zaure yana gyaran wani tsohon kwari. Bai tambaye ni ko ni ɗan wane ne ba, tunda shi da mahaifina sun sha kwana a daji tare, amma ya tambaye ni da wane makami nake son fita, ko ina da kare, ko ina taɓa wani abu mai gusar da hankali, da kuma wanda za a kira idan wata rana aka kawo ƙarata. Da na gama amsawa sai na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe ake buɗe daji, yaushe kuma ake rufe shi?" Na yi tambayar ne irin ta ɗan boko, ina jiran a faɗa mini rana da wata in rubuta. Ya ce, "Malam, daji ba ya buɗuwa da kalanda. Ranar da mai gonar ƙarshe ya kwashe wakensa, bulama ya ba Fulani izinin shigo da shanu, ranar muke kwance karnuka. Ranar da shamuwa ta sauka a kan kukar kasuwa, ranar muke ɗaure su."

A lissafin watannin boko wannan yakan faɗo ne daga wajen ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba zuwa ƙarshen bazara, wajen watan Mayu, wato ɗari da bazara na mafarauta ne, damina da kaka kuwa na manoma da dabbobin da kansu. Sarkin Baka ya zauna ya warware mini dalilan, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya shafi camfi. Da damina zabuwar daji take yin ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, wanda kuwa ya kashe ta a lokacin ya kashe ta ne tare da duk ƙwan da take kwance a kai, ya kuma cinye farautar shekara mai zuwa tun ba ta zo ba. Haka dinya da kirinjijiya, waɗanda suke zaune a fadamarmu shekara duka, da damina suke ƙyanƙyasa. Makwarwa takan ɗan makara, har akan ga 'yan tsakinta bayan an yi girbi, shi ya sa ko an buɗe daji ba a jifan wadda aka gani tafe da 'ya'ya. Dalili na biyu ya shafi rayukan mutane: idan ciyawa ta kai ƙirji, gero ya yi kai, maharbi ba ya ganin abin da yake harbi, motsi kawai yake gani, motsin nan kuwa yana iya zama yaro mai yankan ciyawa ko akuyar maƙwabci. Na uku shi ne ɓarna, domin karnuka biyar idan suka bi zomo ta cikin gonar wake ko gyaɗa, abin da za su tattake ya fi kuɗin zomon nesa ba kusa ba.

Da na koma gida na yi ta juya wannan tsari a raina, kuma har yau ina ganin ya fi dacewa da ƙasarmu fiye da a kafe rana ɗaya a takarda. Ruwan sama ba ya zuwa mana a rana ɗaya kowace shekara, wata shekara ya sauka da wuri ya ɗauke da wuri, wata shekara kuma dawa ta kai har cikin ɗari ba a yanke ta ba, tsuntsaye kuwa ruwan suke bi. Raunin tsarin shi ne ya dogara ga kwarjinin mutum ɗaya ko biyu, don haka garin da Sarkin Bakansa ya tsufa ƙwarai ko ya rasu ba a naɗa wani ba, sai ka ga samari sun shiga daji gero yana tsaye.

Bayan lokaci, sai ya lissafa mini abin da ba a taɓawa ko da rani ne. Shamuwa da balbela da alhudahuda ba su buƙatar dogon bayani ga Bahaushe, tun muna yara aka hana mu ɗaga musu danƙo. Ungulu da gauraka da burtu kuwa, da yake ambatonsu sai muryarsa ta canza, domin hanin ya zo ne bayan an kusa gamawa da su. A da mahautar garinmu ba ta rabuwa da ungulu, yanzu kuwa sai a shekara ba a ga ɗaya ba, saboda masu saye don haɗin magani da tsibbu sun sa mata kuɗi, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka irin ungulun da muka saba gani a garuruwa cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa. Gauraki an kwashe su da rai an kai gidajen masu hali a birane don ado. Game da burtu, Sarkin Baka ya shiga ɗaki ya fito da wani kai da ya gada, wanda aka sassaƙa da itace aka lulluɓe da fata aka ɗora masa bakin burtu na gaske. Maharban da sukan ɗaura shi a goshi, su rufa da baƙin zane, su yi ta rarrafe cikin ciyawa suna gyaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har su kusanci barewa ko tuje iyakar inda kibiya za ta kai. Ya ce jikokinsa sun san kan, amma ba su taɓa ganin mai kan yana tafiya da ƙafafunsa ba.

Rajistar ƙungiyar maharba ba ta ba ni wahala ba. An nemi hotuna ƙanana, da lambar katin ɗan ƙasa, da mutum biyu masu tsaya mini, waɗanda baffa ya zama ɗaya daga ciki, sannan bulama ya rubuta wasiƙa ya buga hatimi cewa ni ɗan gari ne kuma ba a san ni da wani abin ashsha ba. Magatakardan ƙungiyar, wani dattijo mai tsantseni, ya ja kunnena tun kafin ya miƙa mini katin cewa wannan shaida ce kawai ta cewa ni ɗan ƙungiya ne, ba lasisin bindiga ba ce, ba kuma izinin hukuma ba ce na shiga kowane daji. Na ji daɗin wannan gaskiya tasa, domin na sha ganin samari suna ɗaga irin wannan kati kamar ya wanke su daga komai.

Wajen hukuma ne tafiyar ta yi nauyi. Ofishin da ke kula da gandun daji a yankinmu ɗaki ɗaya ne, jami'in kuwa shi kaɗai yake zagaya ƙauyuka masu yawa a kan babur, saboda haka samunsa a zaune sai an yi haƙuri, kuma na yi ta sintiri kafin mu haɗu. Da muka haɗu ban yi da-na-sanin jiran ba. Ya ciro wata tsohuwar takarda daga aljihun tebur, ya ce tushen abin da suke aiki da shi shi ne dokar namun daji ta 1963 ta tsohuwar Jihar Arewa, wadda jihohin da suka fito daga cikinta suka gada, kowace da gyare-gyarenta, Kano tun 1967, Jigawa kuma tun da aka cire ta daga Kano a 1991. Dokar ta kasa dabbobin da take karewa gida uku, akwai waɗanda aka haramta farautarsu, akwai masu kariya ta musamman, akwai kuma masu kariya waɗanda ba a taɓa su sai da lasisi. A saman wannan akwai dokar tarayya ta 1985 mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa da hana fataucinsu, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara yawan tarar da ke cikinta. Abin da ya dame ni shi ne duka takardun da Turanci suke, har sunayen dabbobin, alhali mafi yawan waɗanda dokar ta shafa allo suka karanta. Na tambaye shi, "Yallaɓai, babu kwafin Hausa?" Ya ce shi ma da baki yake fassarawa duk inda ya je.

Ya fi ba da ƙarfi a kan hanyar kamu fiye da sunan abin da ake kamawa. Ya ce ba a yarda a cinna wa daji wuta don a koro nama ba, ba a yarda da guba ba, ba a yarda a haske dabba da fitila mai kashe ido da dare ba, ba a kuma yarda a bi ta da mota ba. A kan guba ya daɗe yana magana, domin ita ce annobar fadama a yanzu: mutum ya jiƙa shinkafa ko dawa da maganin ƙwari na gona, ya watsa a bakin ruwa da yamma, da safe ya zo ya tsince agwagi birjik, ya yanka wuyansu don a ɗauka yanka ne, ya kai kasuwa. Wanda ya saya ya ci guba, abin da ya rage a bakin ruwa kuma dila da shaho da karnukan makiyaya su ci su mutu.

Sannan ya zo kan wuraren da ba a shiga. Mafi kusa da mu shi ne dajin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wanda yake cikin babban dausayin Haɗeja da Nguru. A 2008 aka saka Baturiya cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a ƙarshen 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da shi gandun daji na ƙasa, tare da Falgore ta jihar Kano da wasu guda takwas a sauran jihohi. Can gaba a jihar Yobe akwai Dagona, wadda ita ma matattarar tsuntsayen ruwa ce da aka keɓe. Ya ce a cikin waɗannan wurare babu zancen rani ko damina, babu zancen kati ko wasiƙar bulama, wanda aka kama da makami a ciki ya shiga hannu. Daga ƙarshe ya rubuta sunana a littafi, na biya abin da aka yanka ya ba ni rasit, ya kuma ba ni takarda mai ɗauke da irin naman da zan nema da kayan da zan fita da su, ya ce ta ranin nan ce kawai.

Saura bindiga. Dokar bindigogi ta 1959 ta raba su kashi uku, na yaƙi waɗanda izininsu yake hannun shugaban ƙasa, da irin su bindiga mai baki biyu waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai masu ɗuri ta baki irin bindigar toka waɗanda lamarinsu yake wajen kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Jami'in 'yan sandan da na samu ya karɓe ni da mutunci, ya tuna mini cewa a watan Agustan 2023 rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan bindigogi a faɗin ƙasa, ya kuma nuna mini cewa ana gadon bindiga amma ba a gadon lasisinta, don haka kada in fita da ta mahaifina sai ina riƙe da takarda mai sunana. Na mayar wa baffa da wannan bayani, ya ce to a bar ta a inda take, kakanmu ma da kare da gora ya ciyar da gida.

Wannan ya sa ziyarar da na kai wa limaminmu ta zama wajibi, domin hukuncin abin da gora ta buge ba ɗaya yake da na abin da kibiya ta huda ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, zan fita da kare da gora, me ya halatta in kawo gida?" Ya fara da abin da ke cikin Risala, cewa farauta don wasa makaruhi ce, don buƙata kuwa halal ce. Sannan ya ce karen dole ya zama horarre, wanda in an tura shi zai tafi, kuma ni ne zan sake shi da niyya da bisimilla, kamar yadda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta nuna. Idan kuwa ya zabura da kansa ya kashe, ba a ci. Abin da gora ta buge ya mutu nan take mushe ne, domin yana cikin waɗanda aya ta 3 ta surar ta haramta, sai in an riske shi da rai an yanka. Haka abin da tarko ko azargiya ta kama. Ya ƙara da wani sharaɗi da ban taɓa ji ba, wato in mutum ya riski dabbar da sauran rai amma ya tsaya neman wuƙa a jaka ko wajen abokin tafiya har ta mutu, to sakacinsa ya haramta masa ita. Tun daga ranar na sa aka ɗinka wa wuƙata kube a ɗamara. Ya kuma ce duk tsuntsun da na tsinta a mace ko yana layi kamar mara lafiya in bar shi inda na gan shi, wanda ya yi daidai da gargaɗin ma'aikatan lafiyar dabbobi tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a farkon 2006 ta bazu zuwa Kano da sauran wurare.

Karnuka biyu na samu daga wajen wani ɗan'uwanmu, na kai su asibitin dabbobi aka yi musu allurar haukan kare, baffa kuma ya shafe kaka yana koya mini kiransu da tsayar da su, wanda ya fi tura su wuya.

An buɗe daji cikin Disamba, bayan mai shela ya zagaya gari da dare. Mun taru a bayan gari da an idar da sallar asuba, hazo ya rufe ko'ina, sanyi yana ratsa riga. Ba a buga gangi ba, domin dattawa sun daina yarda da shi a farautar gari tun da ya zama abin da ke tara 'yan daba da masu neman tsohuwar gaba, sai Sarkin Baka ya yi addu'a, ya maimaita iyakokin da za a tsaya, ya jera mu sahu ɗaya mai faɗi, tsakanin mutum da mutum kamar tsawon jifa. Masu bindiga, waɗanda ba su da yawa, an ajiye su a gefe biyu na sahun, da sharaɗin ba za su harbi abin da ke gudu a ƙasa ta gaban mutane ba. Tafiya ake yi a hankali ana bugun sabara da kalgo da gora, har zomo ya zabura, daga nan kuma sai ihu da ƙura. Masu iya magana da suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu ba su yi ƙari ba, domin zomon yakan yi kwana a inda kare ba ya iya yi, kuma mai karen dole ya bi da gudu don ya riske shi da rai ko ya karɓe kafin karnukan wasu su yayyaga shi. Zabin daji dabararsu daban ce. Sun fi son gudu da ƙafa, in an matsa musu su tashi, amma tashinsu ba ya nisa, don haka akan bi su ne har rana ta yi zafi su gaji, su laɓe a ƙarƙashin ƙaya ko su hau bishiya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne shari'ar nama, domin a nan ne farauta take zama faɗa a garuruwan da ba su da tsari. A wajenmu wanda gorarsa ta fara samun dabba shi ne mai ita, ko da karen wani ne ya ƙarasa kamawa, sai dai ya ba mai karen cinya. In babu jifa, to mai karen da ya fara cafka shi ne mai nama. In an yi gardama ba a ja, ba a zare wuƙa, ana ajiye naman a ƙasa ne har dattijo mafi kusa ya zo ya tambayi waɗanda suka gani, hukuncinsa kuma ba a ɗaukaka shi sai an koma gida. Ranar na dawo da zomo da makwarwa, na aika wa baffa da makwarwar.

Amfanin wahalar rajista ya bayyana ne a tsakiyar ɗari, lokacin da wuta ta tashi a gabashin gari ta cinye tarin harawar wani bawan Allah da ciyawar da makiyaya suke dogaro da ita har saukar ruwa. Nan da nan aka ce maharba ne. Bulama ya kira Sarkin Baka da Arɗo, aka buɗe littafin ƙungiya, aka bi sunayen waɗanda suka fita ranar da inda suka nufa, sai aka tarar duk muna yamma. Daga baya aka gano wasu yara ne suka sa hayaƙi a ramin gafiya, iskar hunturu ta kwashi wutar. Duk da haka an rufe wannan ɓangare har ƙarshen rani, aka kuma hana yara haƙar ramukan ɓeraye, wanda ni na goyi baya saboda wani dalilin ma, domin da rani ne zazzaɓin Lassa yake tsananta, kuma ɓera ne yake ɗauke da shi.

Fadama kuwa na je ta ne a matsayin mai rakiya, tunda agwagwa ba a kama ta da kare. Baffa ya nuna mini bambancin 'yan gida da baƙi, wato ƙananan agwagin da suke tsallako hamada daga Turai da Rasha wajen Oktoba da Nuwamba, su yi ɗari a wajenmu, su juya wajen Maris su je can su yi ƙwai. Yana da wani ɗan zoben ƙarfe mai lambobi da rubutun boko da ya cire daga ƙafar ɗaya tun yana saurayi, irin wanda masu binciken tsuntsaye suke saka musu don su san inda suke zuwa. Ya ce a wancan zamani ambaliya takan shimfiɗu har iyakar gani, amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 zuwan ruwan ya canza, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, tsuntsayen kuma suka koma taruwa a wurare kaɗan, inda mai raga ko mai guba zai iya yi musu kisan kiyashi a dare ɗaya. Kacallar nan ita ce kuma makwancin jan-baki, tsuntsu ɗaya tilo da babu mai kare shi a wajenmu saboda ɓarnar da yake yi wa shinkafa da gero, har gwamnati takan turo jirgi ya yi masa feshi. Shi ma akwai ƙa'ida a kansa, wato ba a tsintar wanda ya faɗo bayan feshi a soya. Iyakar gandun ba ko'ina take da alama ba, saboda haka kafin mu sauka kowane bakin ruwa sai mun tambayi masuntan wurin, waɗanda suka fi kowa sanin inda ma'aikatan gandu suke kamu.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, aka yi shelar rufe daji, aka kuma kira taron ƙungiya a ƙofar gidan Sarkin Baka. Mafi yawan lokacin taron ya tafi ne a kan ƙwan zabin daji, domin shi ne hanin da ya fi wuyar tsarewa: ba maharba ne suke kwashe shi ba, yara masu kiwo da masu yankan ciyawa ne suke tarar da shi, su kawo gida a saka wa kaza ta ƙyanƙyashe, iyaye kuma ba su ganin laifin hakan tunda ba a zubar da jini ba. An yanke cewa liman zai yi magana a kai ranar Juma'a, ni kuma, da yake an san ni da alli, aka ɗora mini in rubuta ƙa'idojin gaba ɗaya da Hausa, da sunayen tsuntsayen da ba a taɓawa, in kai wa jami'in gandun daji ya duba kafin in je sabunta takardata. Na rubuta kwafi biyu, ɗaya da boko ɗaya da ajami, aka manna su a zauren bulama. Sunan da aka fi jayayya a kansa shi ne tuje, domin wasu sun ce tunda an daina ganinsa babu amfanin rubuta shi, wasu kuma suka ce an ga guda biyu a jigawar arewa da kakar da ta wuce, kuma da wannan shaidar aka saka shi a jerin.